Kaset Mai Kallo Ɗaya

Fenta yana da kaset ɗin finafinai dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai, kuma babu wanda bai kalla ba a cikinsu sai guda ɗaya. Wannan ɗayan kuwa shi ya fi so, shi yake nuna wa baƙi, shi kuma ya yi shekara goma sha biyu yana ajiya ba tare da ya taɓa tura shi cikin bidiyo ba.

Rubuta allunan shaguna ce sana'arsa, shi ya sa unguwa ta daɗe da manta sunansa na gaskiya. Da yana saurayi shi yake zana allon talla na gidan sinimar babban titi, wanda yanzu ake sayar da tayoyi a cikinsa. A kan tsani ya kamu da son finafinai, musamman na wata 'yar wasa da 'yan kallo ke kira Tauraruwa kawai, kamar ba a taɓa yin wata ba. Ya zana fuskarta ya fi a ƙirga, har yakan ce ko ido rufe zai iya fitar da girarta. Matarsa takan ce ita shekara talatin da aurensu bai taɓa lura tana da gira ba.

Ɗakin da ya kamata a ce na baƙi ne shi ya mayar ma'ajiya. Kantoci har rufi, kaset a jere bisa shekarar fitowa, tsofaffin mujallu a cikin leda, fostoci a firam, tikitocin sinima a kwalba. In baƙo ya zo kwana sai a shimfiɗa masa katifa a falo. Wanda zai shiga ma'ajiyar sai ya cire takalmi ya wanke hannu, ba a shiga da shayi, ba a jingina da kanta. Ita kanta matar gidan an hana ta shiga tun ranar da ta goge wata fosta da jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗauke wa wani jarumi rabin gashin baki.

Ga labarin kaset ɗin nan guda. Fim ɗin Tauraruwa na ƙarshe kwana uku kacal ya yi a sinima, kuma sai a rana ta ukun Fenta ya samu shiga. Labarin wata mata ce da mijinta ya yi tafiya ya bar ta, bayan shekaru ya aiko mata da wasiƙa da tikitin jirgin ƙasa, ya ce ta biyo shi. An kai daidai inda take tashar jirgi, akwati a hannu, ƙafa ɗaya a kan matakalar tarago ɗaya a ƙasa, jirgi ya yi kuka, sai wuta ta ɗauke. Aka yi ta fito ana buga kujeru, wuta ta ce ba ta san zancen ba. Washegari aka kwashe fim ɗin. Kamfanin ya durƙushe, ruwan sama ya cinye ɗakin ajiyarsu, Tauraruwa kuma ba a ƙara ganinta a allo ba.

Ta shiga jirgin ko ba ta shiga ba? Fenta ya bi duk wanda ya san ya kalla a kwana biyun farko yana tambaya. Rabi suka ce ta shiga, rabi suka ce ta fasa, wani ya rantse jirgin ne ya tafi ya bar ta. Daga nan ya gane yawancin mutane hira ke kai su sinima, ba kallo ba.

Shekara ashirin da shida yana ɗauke da wannan tambaya, sai tsohon manajan sinimar ya rasu, 'ya'yansa suka fito da kwalayen tarkace za su ƙona. A ƙasan wani kwali Fenta ya ga kaset marar kwali, da sunan fim ɗin a rubuce da biro. Ashe manajan ya sa an juye masa fim ɗin a kaset kafin a mayar wa kamfanin. Fenta ya rungume shi a ƙirji bai zarce ko'ina ba sai shagon amininsa, wanda kowa ke kira Mai Rediyo duk da cewa rabonsa da gyaran rediyo an daɗe.

Mai Rediyo ya ɗaga murfin kaset ɗin da farce, ya kara zaren a haske, ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Zaren nan ya sha wuya," ya ce. "Danshi ya shige shi. Kallo ɗaya gare shi, in an yi sa'a. Ka sa shi ka bar shi ya tafi daga farko har ƙarshe. Ba tsayarwa, ba tariyowa. Ka taɓa shi a hanya, ka yi ban kwana da shi."

Wani mai hankali da a ranar zai je gida ya kalla ya huta. Fenta sai ya sa aka yi wa kaset ɗin akwatin gilashi. Ya ce sai ya sayi sabon talabijin. Aka sayi talabijin, ya ce sai an canza masa tabarau. Aka canza tabarau, ya ce sai ya rage aiki hankalinsa ya kwanta. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba ita ce tsoro yake ji. Muddin bai kalla ba, shi ne mutum ɗaya a duniya da ƙarshen fim ɗin ke hannunsa. In ya kalla kuwa, ya zama wani tsoho mai ajiyar robar banza.

Babban ɗansa, wanda ke aikin kwamfuta a wani ofis, ya yi magana ba sau ɗaya ba.

"Baba, abin nan mai sauƙi ne. Ranar da za ka kalla sai in jona na'ura, yana tafiya tana kwafewa. Ko zaren ya mutu, fim yana nan."

"Yana nan a ina?" in ji Fenta. "A wayar kowa? Kafin magariba direban haya na kallonsa yana ba da canji. Abin da na yi shekara ashirin da shida ina nema? Ka ajiye na'urarka."

"Ba wanda zan ba wa."

"Haka kowa ke cewa."

Aka bar maganar a nan, kaset ya ci gaba da zama a gilashinsa kamar mara lafiyar da aka hana ziyara.

Wata ranar Talata matarsa ta dawo daga asibiti, inda take zuwa awon suga duk wata. Tana kwance ledar magunguna a kan tebur ta ce, "Baban yara, ƙawata ta asibiti tana so ta zo ta ga wannan kaset naka na gilashi."

Fenta bai ɗago daga burushin da yake wankewa ba. "Ki ce mata ba gidan kallo na buɗe ba."

"To, zan faɗa mata. Ta dai ce ita ce a ciki."

Burushi ya faɗa cikin kwanon kananzir.

"Ita ce wa?"

"Matar da ka cika min bango da hotunanta. Shekara biyu ke nan muna layi ɗaya, katinta na bin nawa."

"Shekara biyu! Shekara biyu kina zama kusa da Tauraruwa ba ki faɗa min ba?"

"Ka taɓa tambayata da wa nake zama a asibiti? Kullum in na dawo abin da kake cewa shi ne ina makullin shago."

Fenta ya yi kamar bai ji ba. Ya tambaya ko wane ne ya gaya wa Tauraruwa zancen kaset, matar ta ce ita ce, a cikin ƙorafin da mata kan yi wa juna a kan mazajensu. Ta ce da tsohuwar ta ji sunan fim ɗin sai ta ce akwai abin da take so ta gani a ciki kafin idonta ya ƙarasa tafiya, don sugan ya fara taɓa mata gani.

Fenta ya kwana biyu yana juya maganar. Abin da take so ta gani ai ba ɓoyayye ba ne a wurinsa: kanta take so ta gani tana da ƙuruciya, wa zai ga laifinta? Abin da ya rinjaye shi kuwa ba tausayi ba ne, kada a yi masa shaidar da bai ci ba. Ya lissafa ne ya ga ranar da yake ta jira ta zo da ƙafarta. Ya kalli ƙarshen fim ɗin, Tauraruwa da kanta tana zaune a gefensa! Ko zaren ya mutu bayan haka, labarin ya ishe shi ci har ƙarshen rayuwa. Ya ce a gaya mata ta zo ranar Asabar da ƙarfe huɗu.

Aka shiga shiri kamar za a tarbi shugaban ƙasa. Mai Rediyo ya kwance bidiyon ya wanke kan injin da auduga, ya kawo batir babba ya jona, don kada wuta ta maimaita abin da ta yi shekara talatin da takwas da suka wuce. Fenta ya yi aski, ya ciro rigar da ba ya sawa sai da dalili. Ɗansa ya bugo waya ya sake tayin na'ura, aka ce masa ya yi zamansa a gidansa.

Ƙarfe huɗu da kwata aka ƙwanƙwasa ƙofa. Fenta ya buɗe ya ga wata 'yar tsohuwa gajera, da tabarau mai kauri da jaka a hammata, tana haki. Ya gaishe ta sama-sama yana leƙen bayanta.

"Wa kake nema a bayana, Malam?" ta ce. "Ni kaɗai ce. Matakalar nan taku wa ya gina ta, maƙiyinku?"

Muryar ce ta buge shi. Ta dushe, ta yi kauri, amma ita ce. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya yi ta ranki ya daɗe, har da ɗan rusunawa. Ya yi niyyar gaya mata jawabin da ya kwana uku yana haddacewa, sai ta wuce shi ta rungume matarsa, suka hau zancen sabon maganin da likita ya rubuta musu da yadda yake sa jiri.

A ƙofar ma'ajiya ya tsaya da ƙaramin kwando.

"Ranki ya daɗe, a yi min afuwa. Doka ce. Wayoyi."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi matarsa, matar ta ɗaga kafaɗa. Aka zuba wayoyi huɗu a kwando, har da tasa. Bai yarda da falo ba, sai da ya sauka shagonsa da ke ƙasan bene ya kulle su a durowar fenti, ya hawo yana jin ya yi dabara.

Ya zagaya da ita ɗakin. Ya nuna mata wani hoto ya ce wannan a fim ɗinta na uku ne, lokacin tana da shekara ashirin da biyu.

"Ashirin da bakwai," ta ce. "Kuma na huɗu ne."

"Na uku ne, Hajiya. Mujalla ta rubuta." Ya ciro mujallar daga leda ya buɗe mata shafin.

"To, tunda mujalla ta rubuta," ta ce, ta nemi kujera ta zauna.

Fenta ya karanto dokokin kallo: ba magana, ba tashi, ba tari in da hali. Ya buɗe akwatin gilashi, ya ɗauko kaset da hannu biyu, ya miƙa wa Mai Rediyo. Bidiyo ya haɗiye shi da wata 'yar ƙara. Allo ya yi ruwan toka, ya yi rawa, sai ga hoto. Launin ya koɗe, sautin yana shaƙewa, amma fim ne, shi ne dai. Idon Fenta ya cika da ƙwalla tun ana rubuta sunaye.

Dokar hana magana ba ta kai minti biyu ba.

"Kin ga wannan takalmin?" in ji Tauraruwa, tana taɓa matar gidan. "Na matar darakta ne, ya yi min kaɗan. Duk inda kika ga ina tafiya a hankali kamar mai tunani, ƙafata ce ke ciwo."

Fenta ya ji kamar an soka masa allura. Wannan tafiyar ya sha kwatanta ta ga matasa a matsayin abin da 'yan wasan yanzu ba za su taɓa iyawa ba.

Jarumin fim ya fito, wanda hotonsa ke rataye a saman ƙofa, ya fara karanta wasiƙar soyayya da murya mai sanyaya jiki.

"Allah ya ji ƙansa," ta ce. "Mutumin kirki, amma ɗanyar albasa yake ci da safe. In ya matso sai hawaye su zubo min, darakta ya yi ta tafi wai na iya kuka."

Matar gidan ta ƙyalƙyale da dariya, Mai Rediyo ya toshe baki. Fenta ya yi gyaran murya sau uku, ba wanda ya kula. Haka aka yi ta tafiya. Gidan da ya ɗauka na gaske ne ashe bango biyu ne da labule. Ruwan saman da ya jiƙa ta a wurin karɓar wasiƙa ashe wani ne a kan tsani da garwa mai huji. Shekara talatin da takwas yana ɗauke da fim ɗin nan a ransa, ga mai fim ɗin ta zo tana kwance masa shi ƙusa bayan ƙusa. Ya ji haushinta sosai, har ya raya a ransa cewa da ya sani da shi kaɗai ya kalla. Ya daure ne kawai saboda ya san inda aka dosa.

Wajen awa ɗaya da rabi sai hoton ya fara yin zane-zane daga ƙasa. Mai Rediyo ya matsa kusa da bidiyon ya kasa kunne, fuskarsa ba daɗi.

"Zaren yana zubar da baƙinsa a kan injin," ya faɗa a hankali. "Kan yana toshewa. Saura nawa?"

"Minti huɗu," in ji Fenta. "Ga tashar nan."

"To ka yi addu'a. Abin da ya rage masa ke nan, in ma ya kai."

Ga tasha. Jama'a na kai da kawowa, 'yan dako, masu rakiya, mai sayar da jarida. Fenta ya matso bakin kujera, ya riƙe rimot a hannu don kada wani ya taɓa bisa kuskure. Sai a lokacin ya lura ɗakin ya yi tsit. Tun da aka nuno tashar tsohuwar ba ta ce uffan ba. Ta miƙo wuya gaba, ta riƙe tabarau da hannu biyu.

Kyamara ta bi ta cikin taron, ta wuce mai jarida, ta nufi tarago.

"Tsaya!" ta ce. "Malam, tariyo. Tariyo baya kaɗan."

"Hajiya, ba a tariyowa. Ai na faɗa tun farko."

"'Yata ce. Mai jar riga, kusa da mai jarida. Rigar kawai na gani, ban ga fuskar ba, idon nan ba ya kai wa." Muryarta ta canza, babu sauran wasa a ciki. "Ranar ba ni da mai riƙe min ita, na taho da ita wurin aiki, aka ce ta tsaya cikin mutane. Shekararta biyar. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu. Ba ni da hotonta ko ɗaya, Malam. Ni da aka ɗauka hoto ya fi dubu."

A allo Tauraruwa mai ƙuruciya ta ɗauki akwati ta doshi jirgi.

"Saura minti uku," in ji Fenta, yana jin kunyar abin da bakinsa ke faɗa amma ya kasa hana shi. "A bari ya ƙare, sai a dawo mata da shi."

Mai Rediyo ya girgiza kai. "Ba zai kai ya dawo ba. Ko gaba ko baya, ɗaya za ka zaɓa. Kuma in za ka tariyo, kada ka tsayar, ka yi da hoton a kai."

Tsohuwar ba ta ƙara roƙo ba. Ta mayar da hannuwanta kan cinya ta zauna, irin zaman wanda ya saba jira a layi. Wannan ne ya fi damun Fenta. Da ta yi kuka ko ta yi faɗa, da ya samu abin riƙewa. A allo an kusa kai akwati bakin tarago, yana iya hango matakalar da ƙafarta za ta taka. Ya ji son ganin abin nan har cikin haƙoransa.

Ya danna.

Mutanen tasha suka koma da baya da sauri, bidiyo ya yi wani kuka mara daɗi. Ya saki. Tsohuwar ta tashi daga kujera, ta durƙusa a gaban talabijin da ƙyar, hancinta kusan yana taɓa gilashin.

"Wayoyi!" in ji matar gidan, ta miƙe zumbur. "A ɗauki hoton allon mana! Ina makullin?"

Fenta ya laluba aljihu da hannun hagu ya jefa mata. Ta fita da gudun da bai san tana da shi ba. Ya ji takunta a matakala, ya tuna hawa nawa ne, ya tuna durowar fenti ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta an ja. Shi da kansa ya zaɓi durowar saboda haka.

Ga mai jarida. Ga yarinya a gefensa, 'yar mitsitsiya, jar riga ta yi mata yawa, tana riƙe da wani abu a hannu. Daƙiƙa uku, kyamara ta wuce.

"Ta juyo," in ji tsohuwar. "Kamar ta juyo a ƙarshe. Ban kama ba."

Bai jira ta tambaya ba, ya sake tariyowa. Zane-zanen suka hau har tsakiyar allo. Mai Rediyo ya dafe kai. Wannan karon Fenta ma bai kalli tarago ba, yarinyar ya kalla. An gaya mata kada ta dubi kyamara, ana gani an san an gaya mata, don ta ƙura wa jaridu ido kamar mai karatu. Sai a daƙiƙar ƙarshe ta kasa daurewa, ta juyo ta yi wa wani da ke bayan kyamarar dariya.

Tsohuwar ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin.

"Ya isa," ta ce. "Na gode. Ci gaba da fim ɗinka."

Hoton yana nan, da ƙyar, amma yana nan. A allo ta kai bakin tarago, ta ɗaga ƙafa ta ɗora a matakala, jirgi ya yi kuka. Daidai nan wuta ta ɗauke masa yana saurayi. Abin da ya rage bai fi ya ajiye rimot ya naɗe hannu ba. Sai ya ji an buga durowa a ƙasa, ya ji takun matarsa ta fara hawowa, ya ga hannun tsohuwar har yanzu yana kan gilashin, a wurin da yarinyar ta tsaya.

Ya danna a karo na uku.

Mutanen tasha suka fara komawa baya, suka karkace, suka narke. Bidiyo ya yi ƙara kamar ana tauna leda, allo ya koma shuɗi. Matar gidan ta faɗo ɗakin da waya a hannu tana haki, ta dubi allon, ta dubi mijinta, ta sauke hannun a hankali.

Mai Rediyo ya kashe bidiyon ya kwance murfinsa. Zaren ya naɗe a jikin injin, ya tsinke wuri uku, baƙinsa ya zube kamar garin gawayi. Ya ɗago wani guntu a haske, ana hango taga ta cikinsa.

"Ko za a iya liƙawa?" in ji Fenta.

"A liƙa me? Babu komai a jikinsa."

Suka kama tsohuwar suka mayar da ita kujera. Matar gidan ta fita ta dawo da shayi a faranti, ta shigo da shi har tsakiyar ma'ajiya ta ajiye a kan wata mujalla, ba wanda ya ce mata kanzil. Fenta yana zaune da rimot a hannu. Baƙin cikin fim ɗin yana nan, amma wani baƙin cikin ya danne shi: da ya bar ɗansa ya jona na'urar nan, da matar nan ta koma gida da 'yarta a jaka. Bai taɓa jin ya tsani wayonsa irin na yau ba.

Duk da haka mai tara kaya mai tara kaya ne. Da shayi ya ɗan huce sai ya kasa haƙuri.

"Hajiya, don Allah, tambaya ɗaya. Kin shiga jirgin?"

Ta dube shi kamar ba ta gane ba, can ta gane.

"Wallahi ban sani ba, Malam. Ina ɗora ƙafa a matakalar nan aka zo aka ce min jikin yarinya ya yi zafi, tana amai. Na ajiye musu akwatinsu na ɗauke ta muka tafi asibiti. Ban koma ba. Na ji an ce wata suka sa wa kayana suka ɗauke ta ta baya, suka ƙarasa. Ko sun shigar da ita ko sun bar ta, ban taɓa tambaya ba."

Mai Rediyo ya sunkuyar da kai yana tattara guntayen zare a tafin hannu.

Ta shanye shayinta, ta nemi jakarta, ta miƙe da taimakon matar gidan. A bakin ƙofa ta tsaya ta juyo wajensa.

"Ka yi haƙuri, na ɓata maka fim."

"Ba ke kika ɓata ba," ya ce. "Kin dai gan ta?"

"Na gan ta." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. "Ashe tana da wushirya. Ka ga, na manta."